Darasin Kiwon Lafiya: Rashin Barci Ga Yara Masu Tawayar Ƙwaƙwalwa

'Yan'uwa mata, duk uwar da ke rainon yaro mai tawayar ƙwaƙwalwa ta san wahalar dare. Kowa ya kwanta, shi kuwa idonsa biyu. In gajiya ta kai mata iya wuya, sai ta aika kemis a sayo Piriton, Phenergan ko Valium. To, a nan haɗarin yake.

Da farko, irin wannan yaro ba kasafai yake iya faɗin abin da ke damunsa ba. Ciwon haƙori, ciwon kunne, ƙwannafi ko taurin bayan gida duk suna hana barci. Maganin barci rufe ciwon kawai zai yi.

Na biyu, ki saurari numfashinsa. Yawancin yara masu larurar Down numfashinsu kan ɗauke cikin barci: minshari mai ƙarfi, sai shiru, sai ya zabura. Valium yana ƙara danne numfashi. Phenergan kuwa ba a ba yaron da bai kai shekara 2 ba.

Na uku, maganin farfaɗiya irin Phenobarbitone yakan sa gyangyaɗi da rana. Kada ki tsayar da shi da kanki, domin farfaɗiyar tana iya dawowa da ƙarfi.

Ki tsayar masa da lokacin kwanciya guda, misali bayan Isha'i. Ki rage barcin rana, ki hana shayi da yamma, ki kashe talabijin da waya. Ki riƙa rubuta lokutan barcinsa har mako 2, sannan ki kai wa likita tare da duk magungunan da yake sha, har da na gargajiya.

Allah Ya ba mu ladan raino, amin.