Amsoshin Tambayoyinku: Ziyarar Ushafa

Tambayarmu ta fito ne daga Maman Aisha a Kurudu, Abuja. Ta ce: "Ina son kai yarana wani gari mai tsaunuka da sana'ar hannu, wanda za mu je mu dawo a yini guda. Ina za mu nufa?"

To Maman Aisha, mun gode. Amsarki ita ce Ushafa. Ushafa, a ƙaramar hukumar Bwari.

Daga Kurudu sai ku bi ta Jikwoyi da Karu, ku hau babban titin Kubwa, ku ratse a Dutse, ku kama hanyar Bwari. Duwatsu sun kewaye garin, ga madatsar ruwan Usuma a kusa, wadda Abuja ke shan ruwanta.

Amma abin da ya ɗaukaka sunan Ushafa shi ne ginin tukwane. Matan Gbagyi ke gina su da hannu, su yi musu zane, su gasa su. Sana'ar ce ta kai marigayiya Ladi Kwali kan takardar naira 20. A shekarar 2000 shugaban Amurka na lokacin, Bill Clinton, ya ziyarci Ushafa. A ganina, cibiyar ginin tukwane da ke garin ce ya kamata ku fara shiga, yara su ga yadda yumɓu ke zama tulu. Don Allah ku sayi ko da ƙaramin kasko, domin da wannan sana'a matan ke ciyar da gida.

Ku je ƙarshen damina, kafin hazo ya rufe tsaunuka. Ku yi sammako, ku nemi ɗan gari ya raka ku hawan dutse, kuma kada yara su kusanci bakin ruwa.