Ku Fara da Birki, Ƴaƴana

Samari, ina ganin motocin da kuke haɗawa a ƙofar gida, daga Yantala har Talaje, kuma aikin hannunku yana burge ni. Yaron da zai sayi tsohuwar Toyota da aka hauro da ita daga Kwatano, ya kwance injinta a kan tabarma, ya wanke fistin ɗaya bayan ɗaya a cikin kwanon fetur, ya mayar, ya murza makulli ta tashi, Allah ya yi masa baiwa. Ba na so ku bari. Abin da kuke farawa da shi nake so ku sauya.

Kusan dukanku injin kuke fara taɓawa. A shiga Katako neman ƙarafa, a ɗaura turbo, a fasa salansa don ƙara ta cika unguwa, a cire kujerun baya mota ta rage nauyi. Birki yana nan yadda ya zo, tayoyi kuwa na hannu ne da suka gama shan titin Turai. To ku riƙe wannan lissafi: in gudu ya ninka sau 2, tazarar da mota ke buƙata kafin ta tsaya sau 4 take ninkawa. Man birki kuma yana shan danshi idan ya daɗe, ya yi zafi ya tafasa, ka taka ka ji ƙafarka ta nutse har ƙasa mota ba ta saurare ka ba. Ku sake mai, ku sake robobin birki, ku sa taya sabuwa, ku ɗaure kujera da bel sosai. Bayan nan a yi maganar ƙarfi.

Garinmu ma yana da nasa sharaɗi. A watan Afrilu zafin Yamai kan haura digiri 40. Turbo yana cusa iska mai zafi cikin injin da ba a ƙera shi don haka ba, ga fetur na kwalba da ba ka san abin da aka gauraya masa ba, sai injin ya fara ƙwanƙwasa, fistin ya narke. Ku faɗaɗa lagireto, ku riƙa kakkaɓe matatar iska lokacin hunturu. Kuma don Allah, kada wanda ya kwanta ƙarƙashin mota jak kaɗai ke riƙe da ita a kan yashi, kada a yi walda kusa da tanki.

Tseren miƙaƙƙiyar hanya da kuke haɗa motocin nan dominsa a Amurka ya girma, kuma su ma a titin jama'a suka fara. A 1951 Wally Parks ya kafa ƙungiyar NHRA a Kalifoniya don a kwashe samari daga titi a kai su fili killatacce, inda ake tseren mita 402, ana duba kowace mota kafin ta shiga. Da direba Scott Kalitta ya rasu a 2008, sai suka rage tazarar motoci mafiya gudu zuwa kimanin mita 305, don a samu ƙarin wurin tsayawa. Mutanen da ke da kuɗi da kayan aiki ke nan, tsayawa ce ta dame su.

Ku kuma ina kuke gwadawa? Titin Mali Bero da dare, hanyar Filinge, ko cikin rakiyar amarya, inda ɗan kabu-kabu, mai amalanke da almajiri duk suke da haƙƙi a kan kwaltar. Ba su yi yarjejeniyar tsere da ku ba, kuma jininsu nauyi ne da ba za ku iya ɗauka ba, a nan da gaban Allah.

Ƙasar nan ta san tseren mota. Mun ga gasar Paris-Dakar tana ratsa Tenere da Agadas, da likitocinta da jiragenta, duk da haka Thierry Sabine da ya kafa ta ya rasu a kanta a 1986. Ku haɗa kanku ku yi ƙungiya da takarda, ku je wurin hukumar birni ku roƙi fili a bayan gari, a rufe shi ranar Lahadi, da motar asibiti, tukunyar kashe wuta, hular kwano, da tsohon makanike guda mai ikon cewa wannan mota ba za ta shiga ba. Ranar da kuka shirya zuwa, ku biyo ta gidana in sa babbar riga in raka ku.