Bayan An Yi Wa Baba Tiyatar Zuciya

'Ya'yana, na san tambayar da kuke jan likita gefe ku yi masa cikin raɗa: shekara nawa suka rage wa Baba? Wa'adi na Allah ne, amma ku kwantar da hankalinku, tsufa kaɗai ba ya yanke hukunci. Manmohan Singh, tsohon firaministan Indiya, yana da shekara 76 aka yi masa wannan aiki a 2009, karo na biyu ma, kuma bai rasu ba sai a Disamban 2024. Abin da likitoci suka fi dubawa shi ne ƙarfin bugun zuciyar, lafiyar ƙoda, ciwon suga da shan sigari.

Ku gane abin da aka yi masa. Jijiya ce ta toshe, aka ciro wata daga ƙirji ko ƙafa aka yi wa jini ratse. Ciwon da ya toshe ta farko kuwa yana nan daram. Jijiyar ƙirji tana da ƙarko, 9 cikin 10 suna aiki bayan shekara 10, amma na ƙafa kusan rabinsu kan toshe a tsawon wannan lokaci.

To, a nan ne nake jin tsoro. Za a sayar da gona a kai dattijo Indiya ko Masar, ya dawo, ya ji ƙarfi, ya ce "ai na warke", ya ajiye asfirin da maganin rage kitsen jini. Ku kuma kunya ta hana ku magana. Kada ku bari. Ku durƙusa ku miƙa masa ƙwayar da kofin ruwa kullum, ku auna masa hawan jini, ku roƙi Umma ta rage gishiri da ɗanɗano a miya.

Ƙashin ƙirjinsa da waya aka ɗaure shi, yana bukatar mako 6 zuwa 8 kafin ya haɗe. Idan tari ya zo, ya rungume matashin kai. Kada ya ɗauki ko bokitin ruwa, kuma salla a zaune ta halatta. Daga baya ku riƙa takawa da shi zuwa masallaci a hankali. In kun ga ya yi shiru, ya daina hira, ku zauna kusa da shi, ku kuma faɗa wa likita, domin damuwa takan biyo bayan wannan aiki.

Zancen azumi kuwa, a tambayi likitansa tun kafin watan ya kama. Allah Ya yi muku albarka.