Darasin Lafiya: Maganin Tsinka Jini da Taimakon Mai Harhaɗa Magunguna

'Yan'uwa, a cikin ƙauyukanmu akwai waɗanda likita ya ɗora kan maganin tsinka jini. Akan ba da shi ga wanda jini ya daskare masa a jijiyar ƙafa ko a huhu, da wanda bugun zuciyarsa ba ya tafiya daidai, da wanda aka sa wa bawul na ƙarfe a zuciya. Aikin maganin shi ne ya hana gudan jini toshe jijiya, abin da kan kawo shanyewar ɓarin jiki.

Daga ina ya fito?

A shekarun 1920 shanu sun yi ta mutuwa da zubar jini a Amurka da Kanada bayan sun ci ruɓaɓɓen harawa. Masana a Jami'ar Wisconsin suka gano sinadarin da ya jawo haka, daga nan aka samo warfarin. A 1948 aka fara sayar da shi don kashe ɓera, a 1954 kuma aka amince mutane su sha a kan ƙa'ida. Wannan tarihi ya isa ya nuna mana cewa ba maganin wasa ba ne. Idan ya yi yawa, jini ya zuba. Idan ya gaza, jini ya daskare.

Wa za mu tambaya?

Mai harhaɗa magunguna da ya yi karatun jami'a daban yake da mai shagon kemis, wanda izininsa ya tsaya ga ƙananan magunguna. Amma ko gwani ba zai ba da shawara da gaba gaɗi ba sai ya san abin da kake sha duka. Saboda haka:

1. Ka tafi da katin asibiti da sakamakon gwajin jini na INR. Ga yawancin masu shan warfarin ana so ya tsaya tsakanin 2 da 3.
2. Ka nuna masa kowane magani, har da na gargajiya. Aspirin, ibuprofen da diclofenac suna ƙara haɗarin zubar jini. Flagyl da Septrin suna ƙara wa warfarin ƙarfi, rifampicin na tarin fuka kuma yana rage masa.
3. Ka faɗa masa abincinka. Ganye kamar alayyahu da zogale suna da bitamin K mai rage aikin warfarin. Kada ka daina ci, amma kada ka ƙara ko ka rage farat ɗaya.
4. Mace mai ciki, ko mai sa ran ɗauka, ta faɗa da wuri, gama warfarin yana cutar da jariri.

Sababbin magunguna kamar rivaroxaban da apixaban ba sa bukatar gwajin INR a kai a kai, amma ana duba lafiyar ƙoda, kuma ƙetare sha yana da haɗari.

Alamun haɗari

Haɓo da ya ƙi tsayawa, jini a dasashi ko a fitsari, kashi baƙi kamar kwalta, aman jini, ko ciwon kai mai tsanani bayan faɗuwa. A garzaya asibiti nan da nan. Kada a yi ƙaho, ko tsaga, ko cire haƙori ba tare da sanin likita ba.

Tambayoyin tattaunawa

Wa ke shan irin wannan magani a cikinmu? Ina ne wuri mafi kusa da ake gwajin INR, kuma yaya za mu taimaka masa da kuɗin mota?