Ɗingishin Kare Mai Zuwa Ya Tafi

Sau da yawa mafarauci ko maigida yakan ga karensa ya tashi da safe yana ɗingishi, kafin hantsi ya ware, bayan kwana biyu kuma abin ya komo. Sai ya ce ai ba kome, tun da yana tafiya. Wannan kuskure ne. In kare ya ɗage ƙafa, lalle akwai inda ke yi masa ciwo.

Da fari ka gane ƙafar. Ka sa yaro ya ja shi a fili, kai kuwa ka tsaya gabansa. In ciwon a ƙafar gaba yake, za ka ga yana ɗaga kai duk sa'ad da ta taɓa ƙasa. Sa'an nan ka ɗaure masa baki da tsumma, gama ko kare mai ladabi yakan yi cizo in an taɓa masa miki. Ka duba tafin ƙafar da tsakanin yatsu. A ƙasarmu sau da yawa nan matsalar take: ƙaya ce ta karye a ciki, ko ƙarangiya, ko tsidau, ko kuwa faso irin na hunturu. A kan yashi ba ya jin zafi, sai ya taka tsandauri. Ka cire ƙayar da matsefata, ka zuba ƙaramin cokali ɗaya na gishiri cikin rabin lita na ruwan da aka tafasa ya huce, ka tsoma ƙafar minti 10, safe da yamma. Faso kuwa a shafa masa man kaɗe kaɗan.

In tafin ƙafa lafiya yake, to, sai a dubi gaɓoɓi. Tsohon kare yakan kamu da amosanin gaɓɓai, shi ya sa yake tashi a sandare da sanyin safiya, in jiki ya yi ɗumi ya sake. Wannan ba ya warkewa sarai, amma ana sauƙaƙa shi ƙwarai. A shimfiɗa masa buhu inda iska ba ta bugawa, kada ya kwana a kan siminti. A gasa gaɓar da tsumma mai ɗumi. A riƙa fita da shi gajeriyar tafiya kullum, ba doguwar farauta sau ɗaya a mako ba. Babban magani kuwa, wanda masu karnuka ba su son ji, shi ne rage ƙiba. In ka shafa gefensa ba ka ji haƙarƙari ba, tuwo ya yi masa yawa.

Ƙananan karnuka kuma ƙoƙon gwiwarsu yakan goce, sai kare ya yi taku uku ko huɗu da ƙafa a rataye, ya shure ta, ya ci gaba. Kwikwiyon babban iri, daga wata 5 zuwa 18, yakan yi ciwon ƙashi mai yawo daga wannan ƙafa zuwa waccan, wanda kan wuce in ya girma. Kaska ma tana kawo zazzaɓi da ciwon gaɓa, saboda haka a riƙa cire ta.

Ko wane iri ne, hutu shi ne farko: a tsare shi gida mako biyu, ba gudu, ba tsalle. Kada a yi masa tsaga ko sakiya. Kada kuma a ba shi maganin ciwon jiki na mutane. Ibuprofen yana ɓata masa ciki da ƙoda, farasitamol kuwa in ya yi yawa yana lalata hanta.

In ya ƙi taka ƙafar sam, ko ta kumbura, ko ya bar cin abinci, ko kwana 3 suka wuce ba sauƙi, a kai shi wurin Likitan Dabbobi. Amma in ka ga ƙafafun baya suna shanyewa, yana dalalar da miyau, halinsa ya sāke, kada ka taɓa shi ko kaɗan. Wataƙila haukan kare ne. A kulle shi, a kawar da yara, a aika wa likita nan da nan. Wanda ya ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15, ya tafi asibiti a ranar. Allurar rigakafin wannan cuta ana yi wa kare ita tun yana wata 3, a kuma riƙa maimaitawa kowace shekara.