Abin Da Ya Sa Malamin Ƙidaya Bai Tambayi Ƙabilarka Ba

Duk wanda aka ƙirga a Jos a watan Maris na 2006 zai tuna cewa malamin ƙidaya ya tambaye shi shekarunsa da sana'arsa da irin ɗakin da yake kwana, ya dangwala masa tawada a yatsa, ya wuce. Bai ce masa wane yare kake ba, bai kuma ce masallaci kake zuwa ko coci ba. Ba mantuwa ba ce. Gwamnatin Obasanjo ce ta cire tambayoyin nan biyu, kamar yadda aka yi a ƙidayar 1991. Rabon da a fitar da adadin Musulmi da Kirista a hukumance tun ƙidayar 1963.

To, ya kai mai karatu, sai ka san cewa ba mu kaɗai ke fama da wannan ba. Amurka tana tambayar launin fata a ƙidayarta, amma ba ta tambayar addini. Ingila ta soma tambayar ƙabila a 1991, addini kuma a 2001. Faransa ba ta tambayar ko ɗaya. Labanon kuwa rabonta da ƙidaya tun 1932, don tsoron abin da lissafin addinai zai tono. Shi ya sa masu binciken da ke son jera ƙasashe a takarda ɗaya suke shan wuya: kowa da mudunsa.

Amma ko an yarda a yi tambayar, amsar fa? A nan ne gizo ke saƙa. Jihar Filato tana da ƙabilu fiye da 40. Ga mai ɗinki a Gangare, kakansa Babarbare ne da haƙar kuza ta kawo, uwarsa Bafulatana, shi kuwa ba ya jin komai sai Hausa. A ina za a rubuta shi? Maƙwabta Bahaushe suke ce masa, shi ma wani lokaci haka yake cewa, wani lokaci ya ce shi Bajashe ne, wato mutumin Jos. Ga kuma dattijuwa 'yar Birom wadda da Hausa take karanta Littafi Mai Tsarki, da Hausa take cinikin dankali a kasuwa. In takarda ta tambayi harshen da ta fi amfani da shi, sai ta faɗa layi ɗaya da mai ɗinkin nan, alhali ita ba ta yarda su ɗaya ne ba, shi ma bai yarda ba. Akwai kuma Angasawa da Birom Musulmi, waɗanda ake mantawa da su duk sa'ad da aka ɗaura addini a wuyan ƙabila.

Sannan ga tsoro. Tun da aka ƙirƙiro ƙaramar hukumar Jos ta Arewa a 1991, gardamar wane ne ɗan ƙasa tsakanin Birom da Anaguta da Afizere a gefe guda, da Hausa-Fulani a ɗaya gefen, ba ta kwanta ba. An sha wuya a 1994, da Satumban 2001, da Nuwamban 2008, da Janairun 2010. Mutumin da aka taɓa tarewa a hanya aka tambaye shi addininsa ba zai saki jiki da baƙo mai riƙe da biro ba, ko da allurar rigakafi ya zo bincika. Wani zai yi shiru, wani ya ba da amsar da yake ganin ta dace da fuskar mai tambaya.

A ganina shirun ma yana da tsadarsa. In ba a san adadi ba, kowane ɓangare sai ya yi ta iƙirarin shi ne mai rinjaye, ba mai iya ƙaryata shi. Binciken lafiyar iyali na ƙasa da na Afrobarometer suna yin tambayoyin nan, amma mutane dubbai kawai suke zaɓowa daga faɗin Nijeriya. Lissafinsu na iya nuna hoton ƙasa a dunƙule, ba zai gaya maka Musulmi nawa ne a Nasarawa Gwom ko Kirista nawa ne a Tudun Wada ba. Saboda haka in wani ya karanto maka kashi kaza cikin ɗari na mutanen Jos, ka tambaye shi wa ya ƙirga, a wace shekara, kuma gida nawa ya shiga.