Shafina ya tsufa, in rushe shi ne?

Tambaya: Shekara huɗu ina rubutu a shafina na WordPress. Yanzu nauyi yake yi a waya, kamanninsa ma sun gundure ni. In goge in sake sabo?

Amsa: 'Yar'uwa, don Allah kada ki goge. Rubutun nan shi ne jarinki, kuma Google ya riga ya san adireshin kowanne. Kika canja su, mai nema na iya tarar da kuskuren 404, ya juya.

Ki fara adana kwafi. Export da ke ƙarƙashin Tools rubutu yake kwashewa, hotunan kuwa sai kin sauke su daban. Nan mutane da yawa ke yin asara.

Nauyin nan galibi hotuna ne. Hoton waya kan kai megabait 4, ki rage faɗinsa zuwa fiksel 1200 kafin ki ɗora. Duk fulogin da ba kya amfani da shi, cire shi.

Kamanni kuwa, canja rigar shafin (wato theme) kawai, rubutu ba zai taɓu ba. Don gyaran kamannin, ki koyi CSS kaɗan a shafin MDN, kyauta ne. Ki kuma rubuta ranar sabunta sunan shafinki (wato domain) a kalanda, domin idan ya kuɓuce wani na iya saye shi.